Lissafi Huɗu da Kowace Ƙungiyar Manoma Ya Kamata Ta Iya

'Yan'uwa manoma na ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, yawancin gardamar da kan tashi a taron ƙungiya, in aka bi ta a hankali, sai a tarar lissafi ne ya kawo ta. Ma'aji ya faɗi adadi, wani ya ce bai yarda ba, shi ma kuwa ba ya iya nuna inda kuskuren yake. Daga nan sai zargi ya shigo, kafin damina ta zagayo ƙungiya ta watse. Sau da yawa babu wanda ya ci kuɗin kowa. Hanyar lissafin ce ba daidai ba.

Saboda haka za mu duba lissafi iri huɗu da muke gamuwa da su kullum a noman masara da tumatir da rake. Ba a bukatar ilmi mai zurfi. Wanda ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa zai iya bin mu. Farashin da za ku gani a nan na misali ne kawai. Ku sa farashin kasuwarku a gurbinsa, hanyar ba ta sākewa.

NA FARKO: MATSAKAICI

A ce ƙungiya ta tara masara buhu 50. Ta sayar da buhu 40 da kaka a kan N30,000 kowanne, ta ajiye buhu 10 har bazara ta sayar a kan N40,000. Nawa za a biya kowane ɗan ƙungiya a kan buhu ɗaya?

Mutane da yawa za su ce a haɗa 30,000 da 40,000 a raba biyu, watau N35,000. Wannan kuskure ne, gama buhunan da aka sayar da araha sun fi yawa. Ga yadda ake yi:

Buhu 40 sau N30,000 = N1,200,000
Buhu 10 sau N40,000 = N400,000
Jimla = N1,600,000
A raba da buhu 50 = N32,000

In ma'aji ya fara biyan N35,000 a kan kowane buhu, zai bukaci N1,750,000, alhali N1,600,000 ne a hannunsa. Waɗanda suka zo karɓa daga baya za su tarar babu N150,000, su ce an cuce su. Da kuwa buhu 40 ne aka sayar da tsada, 10 da araha, da matsakaicin ya zama N38,000, kuma biyan N35,000 zai bar N150,000 a akwati ba a san mai su ba. Ƙa'idar ita ce: a tara dukan kuɗin, a tara dukan buhunan, sa'an nan a raba.

Akwai kuma inda matsakaici kan ruɗi mutum ko da an yi shi daidai. A ce manoman tumatir bakwai sun sami kwanduna kamar haka: 8, 9, 10, 10, 12, 14, 70. Jimla 133, a raba bakwai, 19 ke nan. Amma ku duba da kyau. Shida daga cikin bakwai ɗin ba su kai 19 ba. Mutum ɗaya mai babbar fadama da injin ban ruwa ne ya ja adadin sama. In ƙungiya ta ba kowa rance bisa zaton zai sami kwando 19, mutum shida za su shiga wahalar biya.

A irin wannan hali, a jera adadin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiyar layi. A nan na huɗu ne, watau 10. Wannan shi ke nuna abin da yawancin 'yan ƙungiya ke samu. In rabon kuɗi za a yi, a yi amfani da matsakaici. In ana son sanin ƙarfin talakan ɗan ƙungiya ne, a dubi na tsakiyar layi.

NA BIYU: ƘIYASIN AMFANIN GONA

Kafin girbi ƙungiya tana bukatar sanin abin da gonarta za ta bayar, domin sayen buhuna da neman wurin ajiya da shirin biyan bashi. Ba sai an girbe duka ba. Mai sayen hatsi ma ba ya zazzage buhu, hannu yake sawa ya ɗebo kaɗan ya duba.

Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. In aka auna fili mita 5 tsawo, mita 5 faɗi, an sami murabba'in mita 25, kuma akwai irin wannan fili 400 cikin hekta. Sai a auna irinsa a wurare biyar cikin gonar, a girbe masarar kowanne dabam, a shanya ta bushe sarai, a ɓare, a ɗora a sikeli. A ce an sami kilo 6, 8, 7, 5, 9. Jimla 35, a raba biyar, kilo 7. Kilo 7 sau 400 ya zama kilo 2,800, watau buhu 28 mai kilo ɗari-ɗari a hekta.

Abu uku ke ɓata wannan lissafi. Na ɗaya, zaɓen wuri da ido. Ƙafar manomi takan kai shi inda masara ta fi kyau ba tare da ya sani ba. Da wurin da ya ba da kilo 9 kaɗai aka auna, da an ce buhu 36 za a samu, an ƙara buhu takwas da babu su. Maganin wannan shi ne a ƙidaya kunyoyin gonar, a rubuta lambobinsu a 'yan takardu, a zuba cikin hula, yaro ya zaro biyar. Inda ƙuri'a ta faɗa nan za a auna, ko da wurin bai yi kyau ba. Na biyu, auna ɗanyar masara, domin nauyinta zai ragu in ta bushe. Na uku, auna da mudu. Mudun wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, kuma tozon da wani ke yi ya fi na wani. Kilo kuwa ɗaya ne ko'ina.

In gonar tana da gangare ko ƙasarta ba iri ɗaya ba ce, a ƙara wuraren zuwa goma. Yawan wuraren da aka auna shi ke sa ƙiyasi ya matso kusa da gaskiya.

NA UKU: YIWUWA

Babu wanda ya san abin da gobe za ta kawo, amma ana iya auna ko abu yana da saurin faruwa ko wuyar faruwa. Wannan shi ake kira lissafin yiwuwa. Wurin da ya fi amfani gare mu shi ne gwajin iri.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mako biyu kafin shuka, a ɗebo ƙwayar masara 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, kada a tsince masu kyau kaɗai. A jera su a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, a naɗe, a ajiye a inuwa, ana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana bakwai a ƙidaya waɗanda suka tsira. In 90 ne ko fiye, iri ya yi kyau. A ce 70 kaɗai suka tsira. Ma'anarsa, cikin kowace ƙwaya goma, uku ba za su fito ba.

In aka yi tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, hekta tana ɗaukar rami wajen 53,000. Da ƙwaya ɗaya a rami, irin nan zai bar rami kusan 16,000 babu kome, ga shi za a yi musu noma a zuba musu taki kamar sauran.

To, in aka sa ƙwaya bibbiyu fa? Mu ɗauki rami 100. Ƙwayar farko za ta ƙi fitowa a rami 30. Cikin waɗannan 30 ɗin, ta biyu ma za ta ƙi fitowa a uku cikin kowane goma, watau rami 9. Ke nan ramin da zai zauna fanko ya ragu daga 30 zuwa 9. A rami 49 dukansu biyu za su fito, sai an bi an cire ɗaya. A sauran 42 ɗaya ce za ta fito. In kun tara 9 da 49 da 42 za ku ga ɗari cif. Yanzu ƙungiya tana iya zama ta auna: ninka irin da aikin rage tsiro ne ya fi sauƙi, ko sayen sabon iri mai kyau?

Hanyar da muka bi ita ce ninka yiwuwar abu na farko da ta na biyu. Amma tana da sharaɗi: sai in abu biyun ba su da alaka da juna. Wannan sharaɗin ne ya kamata mu riƙe wajen tsara gonaki.

A ce wani amfani yakan lalace shekara ɗaya cikin biyar, wani dabam ma haka, kuma abin da ke kashe wannan ba shi ke kashe wancan ba. Yiwuwar su lalace tare a shekara guda ɗaya ce cikin 25, watau biyar sau biyar. Amma manomin da ke da gonar tumatir biyu a fadama ɗaya bai sami wannan kariya ba. Cutar da ta ci ta farko za ta ci ta biyu, yiwuwarsa tana nan ɗaya cikin biyar.

Mun ga haka a shekarar 2016, sa'ad da tsutsar tumatir da ake kira Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ta afka wa gonaki. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifen a 2006, ta bazu har ta iso mu. Ɓarnar ta kai ga gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir cikin watan Mayu na shekarar. Mai gonar tumatir uku ya yi asara uku a lokaci guda. Mai tumatir da rake da 'yan awaki kuwa ya sami abin dogara, domin tsutsar ba ta cin rake. Haka kuma dattawanmu suna tuna farin 1973 da na 1984. Fari yakan taɓa dukan amfanin tudu tare, don haka masara da dawa a tudu ɗaya ba su rabu da juna sarai ba. Rabuwa ta gaskiya ita ce wani abu a tudu, wani a fadama, wani a garke.

Lissafin yiwuwa yana kashe wata gardamar kuma. In mutum 12 za su zari ƙuri'a don a ga mai fara ɗaukar adashi, akan yi rububin zara da fari. Ba dalili. Na farko yana da dama ɗaya cikin 12. Na biyu sai na farko ya kuskure, wanda ke faruwa sau 11 cikin 12, sa'an nan shi ya dace cikin takardu 11 da suka rage. In an ninka, ɗaya cikin 12 ne dai. Har na ƙarshe ma haka.

Matasanmu masu cacar ƙwallo su ma su yi wannan lissafi. In mutum ya jera wasa goma a takarda ɗaya, ko da a ce kowane wasa canki ɗaya cikin biyu ne, sai ya ninka biyu har sau goma. Damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Kuma faɗuwar jiya ba ta ƙara masa damar yau ko kaɗan. Kuɗin taki ba na wannan hanya ba ne.

NA HUƊU: NEMAN ADADIN DA BA A SANI BA

A makaranta ana kiran wannan aljabara. Kalmar daga Larabci take, daga sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma ya rubuta shi ne domin ciniki da rabon gado da awon filaye. Dabarar ita ce a ba abin da ake nema wata alama, a rubuta maganar kamar sikeli mai hannu biyu. Abin da aka ɗebe a wannan hannu, sai a ɗebe a wancan. Abin da aka raba wannan da shi, sai a raba wancan.

Mu fara da taki. Shawarar da masana aikin gona suka daɗe suna bayarwa ga masara a irin ƙasarmu, nan kewayen Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ita ce kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfet, kilo 60 na fotash a kowace hekta. Lambobin nan 15-15-15 da ke jikin buhun kamfa suna nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗaya. Buhu mai kilo 50 yana da kilo 7 da rabi na kowannensu. Buhu 8 za su ba da kilo sittin-sittin, fosfet da fotash sun cika ke nan. Saura naitirojin. Yuriya tana da kashi 46 cikin ɗari, watau kilo 23 a buhu. Buhu nawa za a ƙara? Mu kira shi B.

60 + (23 sau B) = 120
A ɗebe 60 ko'ina: 23 sau B = 60
A raba da 23: B = buhu 2 da rabi da ɗan ɗoriya

Mai eka ɗaya sai ya raba da biyu da rabi: wajen buhu uku na kamfa da buhu ɗaya na yuriya. In lambobin jikin buhu dabam ne, kamar 20-10-10, amsar za ta sāke, don haka a karanta buhu kafin a biya kuɗi.

Misali na biyu shi ne kai kaya kasuwa mai nisa. A ce kwandon tumatir N8,000 ne a bakin gona a Ikara, a kasuwar 'Yankaba ta Kano kuwa N11,000. Hayar mota N60,000, lodi da la'ada N1,000 a kan kowane kwando. Ribar kowane kwando ita ce 11,000 a ɗebe 1,000 a ɗebe 8,000, saura N2,000. Kwando nawa za su biya kuɗin mota? Mu kira shi K.

2,000 sau K = 60,000
K = 30

Amma tumatir ba ya isa kasuwa yadda ya bar gona. A ce ɗaya cikin goma ya lalace a hanya. Kwandon N11,000 ya koma N9,900, riba ta faɗo zuwa N900. Yanzu 60,000 a raba da 900, sai an kai kwando 67 kafin a fara cin riba. Ɗan lalacewar nan ya ninka adadin fiye da biyu. Mai kwando 40 da ya ɗauki mota shi kaɗai zai dawo da asarar N24,000, yana kuwa ganin ya sayar da tsada. Amma in mutum huɗu suka haɗa kwando 120 a mota ɗaya, N900 sau 120 ya zama N108,000, a cire kuɗin mota, saura N48,000 su raba bisa yawan kwandunan kowa. Ga amfanin ƙungiya a fili.

Na uku shi ne bashin damina. Manomi ya karɓi N20,000 a watan Yuli, da alkawarin zai biya da buhun masara a Nuwamba. In buhun ya kai N30,000 a lokacin, ya biya ƙarin N10,000, watau rabin abin da ya ranta, cikin wata huɗu. Kashi 50 cikin ɗari a wata huɗu daidai yake da kashi 12 da rabi a wata, ko 150 a shekara. Da asusun ƙungiya ne ya ba shi a kan kashi 3 a wata, da N600 ne a wata, N2,400 a wata huɗu. Da yake ba a ambaci ruwa ba wajen ƙulla bashin hatsi, mutane da yawa ba su san shi ne mafi tsada ba. Kowane bashi aka kawo muku, ku mai da shi kuɗi, ku raba da yawan watanni, sa'an nan ku gwada shi da wani.

ABIN DA ZA A YI A TARO

Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta sami allo da alli, a riƙa yin lissafi a gaban kowa, mataki-mataki. Mutum biyu su yi shi dabam-dabam, in amsarsu ta sha bamban a sake. In an sami amsa a mayar da ita cikin tambayar a gani ko ta zauna: kwando 30 sau N2,000 ya ba da N60,000? Magatakarda kuma ya rubuta kowane ciniki da kwanan wata da yawan kaya da farashi. Bayan shekara uku littafin nan zai nuna muku watan da farashi kan tashi da amfanin da ya fi yawan lalacewa a ƙasarku, ba sai kun yi ta zato ba. A gayyato 'yan makarantarmu su taimaka, mata kuma masu sayar da mazarƙwaila da man gyaɗa kada a bar su a baya, gama da yawansu sun fi mu saurin lissafin ka.

Ga tambayoyi uku ku gwada a taronku na gaba.

1. Wata mata a Makarfi ta sayar da mazarƙwaila 20 a kan N500 kowace ɗaya, da 80 a kan N400. Mene ne matsakaicin farashi?

2. An gwada iri, 80 cikin 100 suka tsira. In aka sa ƙwaya biyu a rami, rami nawa cikin ɗari za su zauna fanko?

3. Manoma biyu a Hunkuyi sun yi hayar injin ban ruwa a kan N45,000. Ɗaya ya yi aiki da shi ninki biyu na kwanakin ɗayan. Nawa kowa zai biya?

Amsoshi: ta ɗaya, N420. Ta biyu, rami 4. Ta uku, N30,000 da N15,000. Ƙungiyar da amsarta ta sha bamban da tamu ta riƙe takardar lissafinta, ta nuna wa malamin gona sa'ad da ya zo zagaye, a bi ta tare layi-layi.